Sakayyar Gwani

A kamfanonin fasaha akwai wata al'ada: idan matashi ya fi kowa iya rubuta manhaja, sai a saka masa da kujerar da ba zai sake rubuta ko layi ɗaya ba. Wai ƙarin girma ke nan. Tun 1969 Laurence Peter, wani malami haifaffen Kanada, ya lura cewa ana ta ɗaga ma'aikaci har sai ya kai matsayin da bai iya ba, a nan kuma a bar shi ya huta.

Sabon manaja ya saba da kwamfuta: ya ba ta umarni ta bi, in ta ƙi ta nuna masa layin da ya kuskure. Mutane ba haka suke ba. Ya ce a gama kafin Juma'a, a ce masa "To Oga, in Allah ya yarda," shi kuwa ya rubuta shi a matsayin alkawari. Ranar Alhamis da yamma sai wayar mutum ta rasa sabis.

Aiki ya yi jinkiri, ya ruga neman ƙarin ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya bayyana illar haka a 1975: tsofaffi sai su ajiye aikin suna koya wa sababbi, jinkiri ya ƙaru. Ƙarshe dai Oga ya kwana yana gyara manhajar da kansa, da safe ya shugabanci taron binciken dalilin da ya sa yaransa ba sa koyon komai.