Yadda Na Zama Mai Bene

Duk wanda ya san shagon kafinta ya san katako ba ya raguwa a cikinsa, domin kowane guntu aka yanke sai zuciya ta raya cewa wata rana zai yi amfani. Da haka shagona ya cika maƙil, har ya kasance idan mai ciniki ya yi sallama, sai dai in amsa daga bayan tsibin katako, bai gan ni ba, ban gan shi ba. Wani dattijon magini ya ba ni shawara in gitta azara a sama in ɗora katakon a kai, tun da gara ba ta cinta. Na yi masa godiya, amma na tuna masa azara ba ta jure tazara mai faɗi sai da tokari; kuma a ganina, mutumin da ya yi karatun fara'ili, wanda zai iya fitar da tumunin gado ya raba wa mata huɗu, ba lissafin ginshiƙan ƙarfe huɗu ne zai gagare shi ba.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 3 na ginshiƙai, inci 2 na shimfiɗa. Na tsara faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 12, yadda falankin filawud uku, kowanne ƙafa 4 da 8, za su rufe shi ba tare da an taɓa zarto ba, hikimar da har yanzu ban ji wanda ya yaba mini ita ba.

Mai walda ya zo, ya dubi dusar katakon da ta kai idon sawu, ya ce, "Malam, tartsatsi ɗaya ya faɗa nan, sai dai a zo mana jaje. A waje za a haɗa." Aka haɗa a waje. Ya daidaita kusurwa da awon nan na magina, 3 a wannan ɓangare, 4 a wancan, tsakaninsu ya ba da 5. Ya fara ɗiga walda kaɗan kaɗan a kowace mahaɗa, domin, in ji shi, ƙarfe idan ya huce janyewa yake yi, in aka cika gefe ɗaya ya karkace. Da ya nemi ƙarin ƙarfe na gicciye sai na gane kuɗina yake hange, na ce almubazzaranci haramun ne.

Bayan la'asar aka gama, abu ya tsaya tsayin ƙafa 7, gwanin sha'awa, sai aka nufi ƙofa da shi. Ƙofar kuwa faɗinta ƙafa 4 ne, kuma ina shaida wa jama'a ba ni na gina ta ba. Nan da nan unguwa ta taru, kowa ya zama mufti: wannan ya ce a kwantar, wancan ya ce a yaye kwano a zuro ta sama, mai shayi ya ce a bar shi nan ya yi masa rumfa. Daga ƙarshe aka yanka shi uku, aka kwashe kayan shagon kaf zuwa bakin titi, aka share, aka yayyafa ruwa, aka sake walda a ciki. Saboda riƙon amana ban ɗauke idona daga wutar ba ko sau ɗaya, alhali mai walda yana ta cewa in kau da kai. Tsakar dare na farka idanu cike da yashin da babu shi, hawaye na zuba, uwargida tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Da idanu suka buɗe na hau domin gwaji. Ina miƙewa abin ya soma rangaji kamar raƙumi zai tashi, na durƙusa ina salati, yarona yana ƙasa yana cewa, "Maigida, kada ka yi motsi!" Aka sayo ƙarfen gicciye, da kuɗin aikin walda karo na uku.

Ƙarshen wata mai shago ya zo karɓar haya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Masha Allahu, Malam! Ashe bene nake ba ka a kuɗin ɗaki ɗaya." Ya ninka hayar, kuma ya ce ranar da zan tashi kada in taɓa masa ƙarfe.