Asusun Leza

Tsoron hukuma ne ya jefa ni aikin kafintoci. Bikin ƙanwata na matsowa, sai Kawu, wanda ya yi ritaya daga aikin banki, ya tara mu a tsakar gida ya karanto mana Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007. Duk wanda ya yi liƙi da naira ko ya tattake ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Ya ƙara da labarin fitattun mutanen da EFCC ta gurfanar a Legas a 2024. A dinar 'yarsa dai ba liƙi. A samo akwati a ajiye bakin ƙofa, kowa ya jefa ambulan ɗinsa.

Na ce a bar mini. Na ga irinsa a Instagram, kuma ban ga abin da waɗancan mutanen suka fi ni ba.

A wani shagon buga takardu na samu injin yanka da leza. Yaron da ke kula da shi bai wuce sa'an ƙanina ba, amma da ya buɗe CorelDRAW sai na koma ɗalibi. A bayan injin akwai dogon bututun gilashi mai iskar kabon dayoksaid, daga nan hasken ke fitowa, ido ba ya ganinsa, madubai su yi ta miƙa shi har ya taru a ɗigo guda. Ruwa na zagaya bututun don kada ya yi zafi, wani tiyo kuma na zuƙe hayaƙi ta taga. Injin ba yanka yake yi ba, ƙonawa yake yi, kuma duk inda ya bi sai ya cinye kusan milimita 0.2 na katakon.

Na taho da guntun silin ɗin PVC mai ƙyalli don ado. Yaron ya fizge shi daga hannuna.

"Oga, so kake ka kashe mu? Wannan in ya ƙone gubar kulorin yake fitarwa, ya ci huhu ya ci inji."

Muka koma kan filawud ɗina. Mai katako ya rantse mini milimita 3 ne. Da aka auna, bai kai ba. Su kuwa irin waɗannan akwatuna ba ƙusa, haƙora ake yanka wa gefunan su shiga juna, kuma an zana haƙoran ne daidai da kaurin milimita 3. Muka haɗa, akwati ya tsaya yana rangaji, na yi atishawa ya zube. Aka gyara zane, aka sake ɗora katako, ana tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi injin ya manta inda ya tsaya.

Rubutun gaba shi ya fi ba ni wahala. Na zaɓi manyan haruffa masu kyau: AMARYA DA ANGO. Leza ta bi su tsaf, muna ɗaga allon sai na ji abubuwa na zubowa ƙasa. Cikin kowane A ya faɗo, haka na R da D. O ɗin ango kuwa ya zama rami fetal, har yatsu uku suna shiga. Ashe sai an bar wa irin waɗannan haruffa 'yar gada da za ta riƙe cikinsu. Yaron ya ce ya faɗa mini tun farko. Ni dai ƙarar injin nake ji a lokacin. Na sayo roba mai ruwan gwal na manna ta ciki, ramin ango ya toshe, har ya fi kyau.

Daren jajibiri na zauna da gam na bi kowane haƙori ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa da gefuna huɗu. Da safe na ɗaga shi na girgiza, ko motsi. Amarya ta leƙo ta ce, "Yaya, ƙauri yake yi." Na ce ƙamshin fasaha ne.

A wurin dina, ƙawar amarya ce ta rungumo shi daga mota. Da ta ajiye, sai ga baƙin layin haƙora reras a ƙirjin farin leshinta, don gefen da leza ta ƙona gawayi ne. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Tsagar da ake jefa ambulan kuwa da ambulan marar komai na auna ta. Ta talaka na wucewa sumul. Wani alhaji ya zo da tasa ta yi ƙiba da 'yan ɗari biyar-biyar, ya tura, ya danna, ya juya ta, ya waiga hagu da dama, ya mayar da ita aljihu. Ina kallo.

Da aka saki kiɗa, Gwaggo ce ta fara buɗe jaka ta manna wa amarya sabuwar ɗari biyu a goshi, mata suka rufa mata baya. Kawu ya ƙura wa silin ido har aka tashi.

Washegari Gwaggo ta shimfiɗa tabarma ta buɗe littafin gudummawa, don a san wa ya kawo nawa, ranar nasa bikin a rama. Ta jawo akwati, ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta kifa shi.

"Kai ɗan nan, ta ina ake buɗewa?"

Na yi mata bayani cikin ladabi cewa Kawu wurin jefawa ya ce a yi, ba wanda ya yi maganar cirewa, kuma ta fuskar tsaro ba ɓarawon da zai iya da wannan akwati.

"Au, asusu ka yi mana? To a kira kafinta."

Kafintan unguwa ya gwada sukundireba, gam ya ƙi. Ya yaba aikin, a gaban shaidu, sannan ya sa zarto. A ciki muka tarar da ambulan masu kuɗi, da katin gayyata da wani ya dawo mana da shi, da bawon alewa, da wata takarda da aka rubuta "na tura ta banki" ba suna.

Zanen na nan a wayata, an gyara haƙoran da haruffan. Duk mai biki a gaba ya yi magana da wuri, amma kuɗin kafinta daban ne.