Yadda 22 Ta Hayayyafa a Ofishinmu

Da La'asar sakaliya Oga ya leƙo ɗakinmu fuska a murtuke. Wai ya ji ɓarayin intanet sun fi ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 22, wadda SSH ke amfani da ita wajen shiga saba daga nesa. "Duk inda ka ga 22, mayar da ita 2222," in ji shi.

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Sabar tana wani gini can bayan gari, ni kuwa ina zaune ƙarƙashin fanka. Na shiga sabar ta SSH, na kira sed, tsohon ɗan aiken da Lee McMahon ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1974. Aikinsa bin fayil layi-layi, ya cire wannan ya dasa wancan. Na rubuta:

sed -i 's/22/2222/g' /etc/ssh/sshd_config

Harafin s na nufin musanya, g na nufin kada a bar ko ɗaya a layin, -i kuma a rubuta kai tsaye cikin fayil ɗin. Na danna. Shiru. Haka sed yake, idan ya gama aiki ba ya ko tari.

Oga bai san da wannan hali ba. "Bai yi ba! Matsa." Ya ture ni, ya sake danna umarnin da yatsansa mai albarka. Sed ya dubi 2222, ya ga 22 har biyu a jere, ya ba kowace haƙƙinta. Ƙofarmu ta koma 22222222, alhali lambar ƙofa ba ta wuce 65535. Adireshin saba, mai 22 a tsakiyarsa, shi ma ya kumbura, ga shi kowane yankinsa 255 ne iyakarsa. Hatta shekarar 2022 da wani ya rubuta a bayanin gefe ta zama shekarar da ko jikokin jikokinmu ba za su gani ba.

Muka sake tayar da SSH, ya ce atafau ba zai tashi ba. Da sauran dama, domin tagar da na shiga da ita tana buɗe. Ina kai hannu sai ɗif, aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya kama, layi ya yanke. Gyaran gangar Abzinawa ya tabbata.

Haka muka tari Keke Napep, ni rungume da allon kwamfuta, Oga riƙe da kibod yana salati. Maigadi mai makullin ɗakin saba ya tafi cin tuwo, sai bayan Isha'i ya dawo yana sakace. Da muka shiga, gyaran bai ɗauki minti biyu ba. A hanyar dawowa Oga ya yanke hukunci cewa Linux ɗin da ke kan sabar ba shi da tarbiyya.

Sed dai bai ƙara ba, bai rage ba. Abin da aka ce masa ya yi. Saboda haka ɗan'uwa, ka fara gwada umarninka babu -i, ka ga sakamakon a allo. Idan za ka rubuta, yi amfani da -i.bak don ya ajiye maka kwafin asali. Ka ɗaure layin da ^ da $, wato 's/^Port 22$/Port 2222/', yadda ko sau goma aka danna ba zai sake taɓa komai ba. Kafin ka tayar da SSH, tambayi sshd -t ko fayil ɗin lafiya yake. Sannan idan Oga na tsaye a bayanka, janye kibod ɗin daga gabansa.