Mas'alar Kwamfutar Wasa a Tabla

Samarin Tabla sun yi saɓani a kan wata mas'ala wadda malaman Kurfai na dā ba su taɓa cin karo da ita cikin littattafan fiƙihu ba, watau shin wanda aljihunsa bai taka kara ya karya ba, ya sayi kwamfutar wasa haɗaɗɗiya, ko kuwa ya tsinto gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da hannunsa.

Mazhabar harhaɗawa ta kafa hujja da cewa in mutum ya shiga mota zuwa Yamai, ya bi kasuwa a natse, ya yi cinikin katin hoto na hannu da ƙwaƙwalwa da fanka, zai rage jikkuna masu yawa; sai dai ba ta ambaci hukuncin wanda ya komo gida, ya ɗaure kusoshi duka, ya danna maɓalli da bisimilla, allo ya tsaya baƙi ƙirin ba. Mazhabar saye kuwa ta ce haɗaɗɗiya ta fi aminci, alhali kuɗinta, in an auna da cinikin kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, sai a yi maganar bijimi.

Dattawan da aka kai wa ƙara suka ce ɓangarorin biyu sun yi rafkanuwa da sharaɗin farko, domin na'urar da ke shan wuta ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi zafin bazara, ta shaƙe da ƙurar hunturu, ba ta wajaba a kan gidan da farantin solarsa guda ne ba. Suka yi fatawa a fara sayen batir. Kafin nan a koma ga dara, tun da ita ba ta neman caji.