Wa Ba Shi da Lafiya a Gidan Nan?

A yankin Treviso, arewa da birnin Venis na Italiya, akwai wani ganye da suke ji da shi fiye da kima, radikiyo, ɗan gidan cikori, mai jan ganye da farin ƙashi. Tun 1996 Tarayyar Turai ta yi masa rajista, ba kowane ganye ke amsa sunan na Treviso ba sai wanda aka noma a yankinsu. In sanyi ya shigo, kuɗin kilo guda sai ya sa mutum ya sake laluba aljihu. Shi ya sa da wani tsoho maƙwabcina, wanda ciwon gwiwa ya hana sunkuyo, ya ba ni aron gefen lambunsa, ban yi wata-wata ba. Ni ɗan Kura ne, jikan masu noman rani. Abin da zai gagare ni a lambu ba a halicce shi ba tukuna.

Na dasa a watan Agusta. Ya tashi kore shar, babu ko alamar ja. Wasu da zafi ya matsa wa suka miƙe suka yi shuɗin fure gwanin sha'awa, tsoho ya ce duk wanda ya yi fure ya tashi daga aiki. Na tsinki ganye na tauna. Jama'a, na ci gauta, na sha shuwaka, kakata ta taɓa danne ni ta ɗura mini maɗaci, amma ranar sai da na nemi wuri na zauna. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce in jira. Ƙa'idarsu, ba a tumɓuke shi sai Nuwamba, bayan raɓa ta daskare a kansa aƙalla sau biyu. Sai ga ni, mutumin da ke kwana da safa biyu, ina duba waya kullum asuba ina roƙon Allah ya ƙaro sanyi.

Ashe tumɓukewar ma somin-taɓi ne. Manoman garin suna ɗaure shi dami-dami, su tsoma saiwar cikin ruwan marmaro mai gudana, irin wanda ke ɓuɓɓugowa ya zama kogin Sile, su bar shi cikin duhu mako biyu zuwa uku. Da yake ruwan ya fi iskar waje ɗumi, sai shukar ta ɗauka sanyi ya wuce, ta fito da sabon ganye daga tsakiya. Rashin rana ya hana shi yin kore, sai ya fito ja da fari, ɗacin ya lafa. Wato yaudararsa ake yi, kuma da izinin hukuma.

Ni ba ni da marmaro. Abin da nake da shi bahon wankin uwargida ne, da ɗakin ajiya a ƙarƙashin bene.

"Malam, ina bahona?"

"Yana aikin gona, Maman Sadiya."

Ruwan da ba ya gudu kuwa halinsa sananne ne. Ganyen waje ya fara ruɓewa, wari ya hau matakala har hawa na uku. Mai gidan ya zo da zaton bututun masai ne ya fashe, ya tarar da ni tsugune cikin duhu da tocila, ina lallaɓa wani abu da na lulluɓe da baƙar leda. Irin kallon da ya yi mini, na san wiwi ce ta zo masa a rai. Ya yaye ledar a hankali. Da ya ga radikiyo ne sai ransa ya ƙara ɓaci, ya tsaya yana yi mini faɗa da hannu biyu a kan me ya sa ban sauya masa ruwa. Da wiwi ce, ina jin da ya fi sassauta mini.

Da na ɓare ruɓaɓɓen na fere saiwar, baho guda ya koma abin da bai cika faranti ba. Amma kyau, sai wanda ya gani. Nan take na gayyato Alhaji, limaminmu, cin tuwon daren Juma'a.

'Yan garin tsaga shi suke yi gida biyu, su shafa man zaitun da gishiri, su ɗan gasa, ko su zuba a shinkafarsu mai danƙo. Na faɗa wa uwargida haka. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai shuwaka ce ta sha jan-baki, kuma ita ta san maganinta. Ta zuba gishiri ta murje shi, ta wanke, ta sake murjewa, ina tsaye ina kallon jan da na yi wata huɗu ina nema yana bin rariya. Abin da ya rage ta jefa a miyar manja, ya koma ruwan ƙasa. Ɗacin ne kaɗai ya ƙi tafiya.

Alhaji ya yi bisimilla, ya kai loma, ya yi shiru. Ya haɗiye da ƙyar, ya kurɓi ruwa, ya dube ni da tausayi.

"Malam, wa ba shi da lafiya a gidan nan?"

Na shiga ba shi labarin marmaro da rajistar Tarayyar Turai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a zuba masa sauran a roba, yana da ƙane a Verona da basir ya hana sakat.