Alhaji ya hau acaɓa a birnin Rum

Akwai wani rukunin manya a garinmu da idan mota ta mace musu a tsakiyar titi, gara su tsaya cikin rana har direba ya je gida ya kawo wata, da a ce ido ya gan su a bayan babur. A wurinsu hawa acaɓa shelar karayar arziki ce. Da a ce za a hangi Alhaji wane a bayan mashin da hantsi, kafin la'asar an gama yanke hukunci a Kantin Kwari cewa kwastam sun riƙe masa kwantena. To irin waɗannan bayin Allah ne yanzu suke biyan kuɗin biza da na jirgi, su tsallake Sahara da teku, su sauka a Italiya, domin wani saurayi mai gilashi ya goya su a babur ya zaga da su gari.

Sana'a ce babba a birnin Rum. Mutum zai yi rajista ta intanet, ya biya, da safe direba ya zo ƙofar otal da Vespa, ya miƙo masa hular kwano, ya ce bismilla da harshensu. Kamar awa uku ake yi ana zagaye, direban kuma shi ne jagoran da ke ba da tarihin wuraren. Kuɗin mutum ɗaya yakan haura yuro 100, wato ninki biyu da ɗoriya na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka tsayar a Najeriya a 2024. Alhajin da ke biyan wannan ba tare da tayi ba shi ne wanda zai aiki yaronsa Sabon Gari ya ce, "Ka taka da ƙafa mana, ina ce nan da nan ne?"

Babur ɗin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin Piaggio ne ya fito da shi a 1946, lokacin da yaƙi ya bar Italiya da fasassun hanyoyi da mutanen da ba su da kuɗin mota. Wanda ya zana shi, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ba ya ƙaunar babur saboda dattin mai da sarƙa, don haka ya rufe injin, ya sa garkuwa a gaba, ya bar fili a tsakiya yadda mai siket zai hau ba sai ya ɗaga ƙafa sama ba. Bai san cewa babbar riga yake yi wa hidima ba. Duk wanda ya yi wayo a shekarun kuɗin Udoji ya san Besfa: abin hawan hedimasta, da akawun En'e, da malamin asibiti. Ya san yadda ake karkata ta gefe guda kafin a buga mata ƙafa, da tayar safaya da ke maƙale a jikinta, da ɗan autan gida da ke tsaye a gaba yana riƙe da kan. Da arziki ya zo, sai Besfa ta koma abin tsokanar tsofaffi. Su kuwa mutanen Rum sun yi sa'a, a 1953 aka yi fim ɗin Roman Holiday, inda Audrey Hepburn da Gregory Peck suka yi ta sheƙa gudu a kanta cikin gari, tun daga nan duk baƙon da ya zo yake ganin bai ga Rum ba sai ya hau.

Rigimar farko a ƙofar otal take faruwa, kan hular kwano. Masu shekaru za su tuna watan Janairun 2009, da aka ce dole kowane mai babur da fasinjansa su sa ta, 'yan acaɓar Kano suka ɗauko ƙwarya suka shafa mata fenti suka ɗaure da igiya. A lokacin Alhaji na cikin masu fatawa a majalisa cewa hular da kowa ke sawa ba a san abin da aka tofa a ciki ba, ga ƙwarƙwata, ga makero. A Rum kuwa direba na miƙo ta, sai ya cire zanna bukar ɗinsa ta dubu ɗari, ya naɗe ya cusa a aljihu, ya miƙa haɓa a ɗaure masa maɗauri. Hular nan gumin Bajamushe da na Ba'amurke bai gama bushewa a cikinta ba. Hajiya ce ma ta ɗan yi turjiya, don ɗaurin ɗankwalin nan sai da aka tashi tun asuba aka kafa shi.

"Alhaji, yanzu a kan wannan ɗaurin za a kifa min tukunya?"

"Hajiya, doka ce. Nan ba a wasa da doka."

Allah mai iko. Mutumin da bai taɓa tsayawa a danja ba sai in ya hangi ɗan KAROTA.

Tsakiyar Rum ba kwalta ba ce. An shimfiɗa ta da wasu ƙananan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu da suke kira sampietrini, waɗanda ke santsi idan an yi ruwa, kuma ƙaramar tayar Vespa tana gaisawa da kowanne ɗaya bayan ɗaya. Haƙoran Alhaji na haɗuwa, tumbinsa na amsa amo, ciwon bayan da ya kai shi asibitin Alƙahira ya farka. A gida rami ɗaya motarsa za ta faɗa ya tsine wa gwamnati tun daga kansila har Abuja. A nan sai ya leƙo ta kafaɗar direba ya ce wa Hajiya, "Kin ji tarihi ko?" Direban kuma yana kurɗawa tsakanin bas da tasi, madubi na gogar madubi. Da yaron unguwa ne ya yi wannan tuƙin, da an tambaye shi abin da ya sha. Wannan kuwa ƙwararre ne.

Sai a tsaya a gaban Kolosiyam. Jagora zai yi bayani cewa Sarki Vespasian ne ya fara ginin wajen shekara ta 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, yana ɗaukar 'yan kallo kusan 50,000 da ke zuwa ganin mutane suna kashe juna da namun daji. Alhaji bai ji ko ɗaya ba sai lissafin shekara takwas, wanda ya girgiza shi ƙwarai, don shi akwai kwangilar ajujuwa shida da ya karɓa da ta girmi haka. Tambayoyinsa uku ne: wa ya samu aikin, filin ya kai fuloti nawa, kuma me ya sa gwamnati ta bar gefe guda a rushe. Jagora ya ce girgizar ƙasa ce ta 1349 ta kayar da ɓangaren kudu, daga baya manyan gari suka yi ta kwashe duwatsun suna gina fadoji da majami'u. Nan Alhaji ya yi tsaki, ya ce mutane ba su da tsoron Allah, ya ƙara da cewa amma Turawan yanzu sun san darajar kayan kakanninsu, ba irinmu ba. Wannan magana ta fito ne daga bakin mutumin da jerin shagunansa ke zaune daram a kan badala. Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya sa harsashinta tun wajen 1100 ba ta gamu da girgizar ƙasa ba. Da su Alhaji ta gamu.

Gaskiyar magana, mai yawon Vespa ba ya ganin Rum sosai. Rabin tafiyar ƙeyar direba yake kallo, ɗaya rabin kuma fuskarsa yake kallo a waya. Hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen baya, ɗayan ya ɗaga sama yana kiran bidiyo: "Mutumina, ka gan ni? Rum ce wannan! A'a, ba Dubai ba, Rum!" Wanda aka kira yana tsugune a gidan mai yana jiran layi, ba abin da yake gani sai hancin Alhaji da sararin sama. Haka za a wuce Pantheon, ginin da ya kusa shekara 1,900 da ƙubbarsa ta kankare a tsaye, da wata ƙofa mai faɗin kusan mita 9 a tsakiyar rufin wadda ruwan sama ke zubowa ta ciki. A 2023 aka fara karɓar yuro 5 kafin a shiga. Alhaji ya ji batun ruwan, ya ce ba zai biya kuɗi ya ga ɗakin da ke yoyo ba, yana da irinsa a gidan haya.

A maɓuɓɓugar Trevi ne abin ya fi daɗin kallo. An gama gina ta a 1762, kuma al'adar wurin ita ce mutum ya juya mata baya, ya jefa tsaba da hannun dama ta kan kafaɗar hagu, wai don ya sake dawowa Rum. Abin da ake kwashewa a ruwan ya haura yuro miliyan ɗaya a shekara, ana miƙa shi ga ƙungiyar agaji ta Caritas ta ciyar da mabuƙata. Alhaji, wanda almajiri ke ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce "Allah ya ba da haƙuri" ba tare da ya sauke ba, ya zaro yuro 2 ya wurga. Hajiya ta ce hoton bai fita ba, ya sake. Ta ce ya rufe ido, ya sake. Kafin a samu wanda ya dace da sitatus, talakawan Rum sun samu abincin rana. In aka tambaye shi hukuncin jefa kuɗi a ruwa don neman biyan buƙata, amsarsa a shirye take: shi da niyyar sadaka ya yi.

Ba a jima ba aka iso cocin Santa Maria in Cosmedin, inda wani faifan dutse mai fuskar mutum yake jingine da bango, bakinsa a buɗe. Camfin mutanen garin shi ne duk maƙaryacin da ya sa hannu a bakin nan, zai datse shi. Baƙi na layi suna sa hannu suna dariya. Hajiya ta gyara mayafi.

"Alhaji, sa hannun mana. In ka sa ina da 'yar tambaya kan taron nan da ka ce kun yi a Kaduna."

"Subhanallahi! Hajiya, wannan ai shirka ce tsagwaronta. Mu tafi."

Daga nan sai matakalar Sifaniya. Ƙafa ta gaji, Alhaji ya tattare riga ya zauna, bai san tun 2019 aka hana zama a wurin ba, tarar kuma daga yuro 250 take farawa. 'Yar sanda ta busa usur sau ɗaya. Mutumin da "ka san ko ni wane ne?" ke bakinsa kamar tasbihi ya miƙe tsaye har da sara mata. A tudun Gianicolo kuma, inda ake hangen gari gaba ɗaya, sojoji na harba igwa kullum da ƙarfe goma sha biyun rana, al'adar da aka fara tun 1847 don agogunan majami'u su daidaita. Sauran baƙi suka yi tafi. Alhaji kuwa, ɗan ƙasar da ta koya wa mutanenta bambanta ƙarar taya da ta bindiga, sai a bayan Vespa aka same shi a kwance, ya ja Hajiya ƙasa tare da shi. A duk tafiyar, nan ne kaɗai ban ga laifinsa ba.

Idan ya dawo, majalisa ta shiga uku har wata guda. A tambaye shi yaya garin yake, sai ya ce tsohon gari ne, duk kangaye, amma akwai tsari. A tambaye shi sunan sarki ɗaya, sai ya nuna hoto. Wani mai neman magana ya tambaye shi ko ya taɓa shiga Gidan Makama, ya ce ai na 'yan makaranta ne. Karofin Ƙofar Mata, da masu rini ke cewa tun 1498 ake tsoma zane a cikinsa, kullum ta gabansa yake wucewa da gilashi a rufe saboda wari. Dutsen Dala kuwa gwiwarsa ba za ta iya ba, gwiwar da ta hau matakalar Sifaniya har da tsayawa a ɗauki hoto.

Shi ya sa nake ba matasa masu neman sana'a shawara kyauta. Ku bi zaurukan cikin gari ku tattaro tsofaffin Besfa, ku fesa musu jan fenti. Matsalar kawai ita ce tun Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano, amma wannan a nemi izini a ce ba fasinja ba ne, ɗan yawon buɗe ido ne. A fara daga Ƙofar Nasarawa, a bi ta gidan Sarki, a kurɗa lungunan Kurmi, a ƙare a gindin Dala. Kada ku kuskura ku ce naira dubu biyu, ba wanda zai zo. Ku rubuta kuɗin da yuro, ku ce sai an yi rajista ta intanet mako biyu kafin ranar, ku riƙa mayar da wasu kuna cewa wuri ya cika. Direba ya sa baƙin gilashi, kada ya nuna yana jin Hausa.

Ku hanzarta dai, don kayan aikin na ƙarewa. Alhajinmu ya riga ya sa a yi masa odar Vespa daga Italiya, ta 1970 da wani abu, wai zai kafa ta a falo kusa da talabijin. Da ƙaninsa ya ji farashin sai ya ce, "Yaya, ai irin ta Baba ce sak. Ina ta Baban take?"

Ashe bara aka share gareji, 'yan gwangwan suka auna ta a kilo.