Gizo da Buhunan Riɗi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A Gadarif aka yi ta, can gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, inda ƙasa take baƙa wuluk, da damina ta riƙe ƙafa kamar danƙo, da rani ta dare har a zura hannu. A nan wata tsohuwar Akuya take zaune. Kakanninta na cikin ayarin da ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi gabas da niyyar Makka. Wasu suka yada zango a Mai Wurno, wasu suka ƙara gaba har nan, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su haɗa guzuri. Damina ɗaya ta zama ɗari. Akuya dai ba ta mance ba. Duk ranar da ta sayar da man riɗi sai ta ƙulle wani abu a bakin zane, don wata rana ta isa Sawakin, ta hau jirgin ruwa, ta ƙarasa tafiyar da kakanni suka faro.

Shi kuwa Gizo gonarsa na wajen Gadambaliya, inda aka fara noma da tarakta a shekarun 1940. Riɗi ba ya jiran kowa. A watan Oktoba maƙwabta suka yanke nasu, suka tsai da dammuna, da suka bushe aka kakkaɓe, aka sheƙe, aka ɗure. Gizo ya yanke nasa, ya bar dammunan tsaye fiye da wata guda, yana can gindin bishiya yana kurɓar gahawa. Akwai wani ɗan ƙwaro da ke bin riɗi idan an yanke. Yakan soka baki ya tsotse man, ya bar ƙwayar kwance a inda take, mai kallo daga nesa ya ɗauka lafiya lau.

Ƙoƙi ta ɗebi kaɗan ta tauna, ta tofar. Ta ce, "Maigida, wannan ya mutu, sai ɗaci. Mu sayar wa masu dabbobi a yadda ya samu."

Gizo ya ce, "Ke dai ba ki san kasuwa ba. Ido ake sayar wa."

Ya je wurin Kurciya ya ranto mudu uku na riɗinta mai kyau. Ya sayi sababbin buhuna, ya ɗura holoƙon a ƙasa, ya shimfiɗa na Kurciya a baki, ya ɗinke tsaf. Sannan ya koma kan kansa: farar jallabiya, carbi mai dubu, da rawani. Da ya ga yadin bai kai ba, sai ya kifa tsohuwar ƙwarya a ka ya naɗe ta, rawani ya tashi tim. Shigar burtu ke nan. Bai shiga babbar kasuwar amfanin gona ba, inda ake gwanjo, ake soka ƙarfe a cikin buhu a zaro abin da ke tsakiya. A bakin hanya ya ja ya tsaya.

Tururuwa 'yan dako ne suka sauke masa kayan. Tun daga buhun farko suka ji nauyin bai kai ba, suka dubi juna, suka dubi rawani, suka yi gum. Wannan shirun shi ya fi ci mini rai a duk labarin, domin kalma ɗaya daga bakinsu da ta wadatar.

Akuya ta iso. Gizo ya rusuna, ya ce, "Barka da isowa, Gwaggo. Ɗanɗana ki ji."

Ta ɗiba daga baki ta tauna, mai ya cika mata harshe. Daidai nan Kurciya ta zo wucewa, Gizo ya kira ta ya tambaye ta ko ta taɓa ganin riɗi kamar wannan. Ta duba ta ce wallahi kamar nata. Gaskiya ta faɗa, ba ta san me aka yi da gaskiyarta ba.

Akuya ta ce, "Alhaji, Allah ya sa albarka." Ta kwance ƙullin shekara bakwai ta biya.

Washegari ta kai kayan wurin Raƙumi mai tatsar mai. An ɗaure masa idanu kamar kullum, yana zagaya babban turmin itace, taɓarya na murƙushe riɗi. Zubin farko ya ba da mai kaɗan. Aka zuba na biyu, sai ƙarar turmi ta sauya, ta koma kamar ana niƙa ƙaiƙayi. Raƙumi ya yi zagaye uku ya tsaya cak.

Ya ce, "Gwaggo, wannan ba riɗi ba ne. Rigar riɗi ce."

Ta ce, "Haba, ɗana! Wani Alhaji ne fa ya sayar mini, da rawaninsa da carbinsa."

Ya ce, "Ni ban ga rawani ba. Nauyin da ke kafaɗata nake ji, da kukan turmi."

Akuya ba ta yi kuka ba. Ta zura hannu har tsakiyar buhu ta damƙo, ta nufi wurin mai gahawa. Gizo na zaune yana jan carbi, jama'a kewaye da shi. Ta buɗe tafinsa ta zuba, ta ce, "Tauna, Alhaji."

Ya dubi hannunsa, ya dubi jama'a. Ya sunkuya kamar zai kai baki, sai rawani ya suɓuce, ya gangara, ƙwarya ta faɗo ta tsage gida biyu. Kafin a ankara ya sulale daga cikin jallabiyar, ga shi ɗan mitsitsi, ya faɗa cikin tsagar ƙasa. Aka laluba aljihu, ko rabin kuɗin ba a samu ba.

Da yamma Kurciya ta zo gidan Akuya, kanta a sunkuye, tururuwa na biye da ita a layi. Ba wanda ya ce uffan. Suka baje buhunan a tabarma, suna tsince mai rai daga matacce, ƙwaya ɗaya-ɗaya, har kwana uku. Abin da aka tsinta Raƙumi ya tatse, ya cika kwalba guda. Akuya ta kai kasuwa ta sayar, ta dawo gida, ta kama bakin zanenta ta yi sabon ƙulli.

Ƙurunƙus kan kusu.